WA YA CIKA WA KWAMFUTARKA KAYA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata ya shigo min gida bayan La'asar, jakar laftof a kafaɗa, fuska ba walwala. Yana ajin ƙarshe a jami'a, yana tsakiyar rubuta kundin kammala digirinsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, kwamfutar nan fa ta gama yawo. Na kai wa mai gyara ya ce ta tsufa, wai Windows ɗin kanta ma an daina yayinta, sai dai a sayi wata."

Na san abin da "a sayi wata" yake nufi a gidansu. Mahaifinsa ya rasu shekara huɗu ke nan. Wannan ɗin ma ta hannu ce, sai da mahaifiyarsa ta ɗauki adashi aka sayo ta. In aka ce a sake saye yanzu, to wani abu ne za a fasa a gidan, ko kuɗin makarantar ƙannensa ko na abinci.

Na ce kunna mu gani. Ya kunna, ni kuma na duba agogo. Sai da muka yi minti shida kafin ta yarda a buɗe babi na uku na aikinsa. Da na leƙa cikinta sai na tarar da antibairos har guda biyu suna gadin juna, birauza huɗu, manhajar kallon bidiyo uku, manhajar zanen gine-gine alhali yaron Tarihi yake karanta, da wasu guda biyu da sunansu ke cewa aikinsu ƙara wa kwamfuta sauri. Abubuwa 23 ne suke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna. Na tambaye shi wanne ya saka da hannunsa. Ya nuna guda uku. Sauran ya ce, "Wallahi Kawu haka na same ta."

Wannan "haka na same ta" ɗin ita ta sa na zauna rubutun nan. Ruwa ba ya tsami banza. Nauyin da kwamfutocinmu ke yi yana da tarihi na sama da shekara 40, kuma in ka bi tarihin za ka ga tambaya ɗaya ce take ta dawowa: na'urar da ka biya kuɗinka ka saya, wa ke da ikon cewa ga abin da zai zauna a cikinta?

Bari in kafa misali ɗaya da zai riƙe mu har ƙarshe. Ɗauki kwamfuta kamar shagon tela. Akwai sito inda ake jibge yadika, wannan shi ne rumbun ajiya. Akwai teburin da ake shimfiɗa yadi a yanka, wannan shi ne abin da ake kira RAM. Sai telan kansa, wato furosesa. Kayan da ke kwance a sito ba sa hana tela aiki, sai fa in sun cika har ba hanyar wucewa. Abin da ke kashe masa aiki shi ne 'yan zaman kashe wando, waɗanda da ya buɗe ƙofa da safe suke rigansa shiga, kowa ya ɗora ƙunshinsa a kan tebur, kowa yana jansa da hira. Ka riƙe wannan bambancin.

A ranar 12 ga Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda yawancin kwamfutocin da muke amfani da su yau jikokinta ne. Mafi arahar samfurinta dala 1,565 ce, kuma teburin telan nata kilobayit 16 ne kacal. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan fiye da sau ɗari. Ko da aka ci gaba, tsarin DOS da ke tafiyar da waɗannan na'urori bai bar wa manhajoji fiye da kilobayit 640 ba. Saboda haka mai rubuta manhaja a lokacin kamar mai cefane da ragowar albashi yake, kowane ƙwabo sai ya lissafa.

Amma tun a lokacin 'yan zaman shago suka fara ɓullowa. A 1984 kamfanin Borland ya fito da Sidekick, wata manhaja da ke laɓewa a cikin RAM tana jira ka danna maɓalli ta fito maka da kalkuleta ko wurin ɗan rubutu, ka gama ta koma ta laɓe. Mutane suka so ta ƙwarai, wasu kamfanoni suka kwaikwaya. Kafin ka ce me, mutum yana da irin waɗannan huɗu ko biyar, ya zo buɗe ainihin abin da zai yi aiki da shi kwamfuta ta ce ba wuri. Maganin a lokacin da hannu ake yi. Akwai wasu fayiloli biyu, config.sys da autoexec.bat, a cikinsu ake rubuta sunan duk abin da zai tashi tare da kwamfuta, layi-layi. Wanda ba ka so sai ka goge layinsa. Abin ya zama ruwan dare har a 1993 Microsoft ya saka wata manhaja mai suna MemMaker a cikin MS-DOS 6 don ta taya mutane wannan lissafi. Wahala ce, ba musu. Sai dai mai kwamfuta a wancan zamani ya san sunan kowane baƙo da ke shagonsa.

Shekarar 1995 ce ta canza lissafin. Ranar 24 ga Agusta Windows 95 ta fito, tana neman RAM megabayit 4, wanda ba shi da wurin saka faifan CD kuma ya saye ta a fulofi 13. A cikinta ne aka fara ganin wurin nan na Add/Remove Programs, wato inda ake saka manhaja ko a cire. Dalili shi ne manhajoji sun daina zama a ɗaki ɗaya. Kowace in ta shigo sai ta watsa kayanta lungu-lungu, ta rubuta sunanta a rajistar Windows, ta yi tarayya da wasu a kan wasu fayiloli. Goge jakarta kawai ba ya fitar da ita. Har abin ya kai sai an gina wa baƙo ƙofar fita ta musamman, kuma makullin ƙofar a hannun baƙon yake, domin kamfanin da ya yi manhajar shi ke rubuta yadda za a cire ta.

A wannan shekarar dai wani malamin jami'a a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Pascal, ya wallafa wata maƙala yana roƙon a rage wa manhajoji ƙiba. Ya kawo misali cewa shekara 25 kafin lokacin ana iya gina manhajar rubutu da bayit 8,000, amma na zamaninsa suna neman ninkin haka sau ɗari, kuma ba su fi sauri ba. Ya ɗora laifin a kan kamfanonin da ke cusa duk wani ƙarin da aka nema don a samu abin tallata sabon samfuri, da kuma gaggawar fitar da kaya kasuwa. Daga nan aka samu abin da ake kira dokar Wirth: saurin da manhaja ke yi wajen ƙara nauyi ya fi saurin da na'ura ke yi wajen ƙara ƙarfi. Mutanen harkar ma suna da barkwancinsu a lokacin, wai duk abin da Andy ya bayar Bill zai karɓe. Andy Grove shi ne shugaban Intel masu yin furosesa a wancan lokacin, Bill Gates kuma kun san shi. Wirth ya rasu ranar 1 ga Janairun 2024, bai ga ranar da aka ƙaryata shi ba.

Ga lissafin mafi ƙarancin RAM da Microsoft da kansa ya ce ana buƙata. Windows 95, megabayit 4. Windows XP a 2001, megabayit 64. Vista a 2007, megabayit 512. Windows 7 a 2009, gigabayit 1. Windows 11 a 2021, gigabayit 4. Ninki dubu ke nan cikin shekara 26. Adalci shi ne in ce ba duka ne ɓarna ba. Da wannan nauyin muka samu kiran bidiyo da tsaro mai ƙarfi. Mu Hausawa ma mun amfana. A shekarun 1990 in kana son rubuta ƙ da ɗ da ɓ sai ka nemi rubutu na musamman irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, yau kuwa ga su nan ina rubutawa kuna karantawa a kowace waya. Amma wani kason nauyin ba don kai aka ɗora shi ba, kuma nan ne labarin ya shiga kotu.

A watan Mayun 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu. Babban abin da ake rigima a kai shi ne birauzar Internet Explorer da kamfanin ya ɗinke a jikin Windows, a daidai lokacin da yake neman kayar da Netscape. Hujjar Microsoft ita ce wannan birauza ba baƙuwa ba ce, gaɓa ce ta jikin Windows, in ka cire ta ka lalata komai. Sai wani farfesa daga jami'ar Princeton, Edward Felten, ya zo kotu da 'yar manhajar da ke nuna ana iya kawar da ita Windows ta ci gaba da aiki. A waje kuma wani ɗan Ostireliya, Shane Brooks, ya fito da 98lite, wadda ke fiɗe Windows 98 ta zare birauzar da sauran abin da mutum ba ya so. A 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya yanke hukuncin a raba kamfanin gida biyu, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke batun rabawar, aka ƙare da sulhu. Turai ta ɗauki nata matakin a 2004: tarar yuro miliyan 497, da umarnin a fito da Windows wadda ba ta da Media Player a ciki. An fito da ita, amma da yake kuɗinsu ɗaya da mai ɗauke da komai, kusan ba wanda ya saya. Ku lura da abin da ya faru a nan. Tambayar "zan iya cire wannan?" ta tashi daga hirar masu gyara ta zama shari'ar da gwamnatoci ke yi.

Yayin da ake wannan, masu ƙera kwamfuta su ma sun gano wata kasuwa. Gasa ta sa ribar da ake samu a kan kowace na'ura ta yi ƙasa sosai. Sai kamfanonin manhaja suka zo da tayi: ku saka kayanmu a ciki tun daga masana'anta, mu biya ku. Shi ya sa sabuwar laftof take zuwa da antibairos na gwaji wanda bayan wata ɗaya zai fara tsorata ka da jan rubutu sai ka biya, da wasanni, da tallace-tallace iri-iri. Kafin ka buɗe kwalin an riga an ba da hayar teburin telanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya tona asirin wannan ciniki a fili ya faru a watan Maris na 2008. Kamfanin Sony ya sanar cewa wanda yake son wasu laftof ɗinsa na Vaio ba tare da waɗannan tarkace ba, sai ya ƙara dala 50. Ka biya don kada a zuba maka shara! Aka yi musu ca, ba shiri suka janye kuɗin. A 2012 Microsoft da kansa yana karɓar dala 99 a shagunansa don ya share wa mutum tarkacen da masu ƙera kwamfuta suka saka. Masu manhajar kyauta ma ba a bar su a baya ba. Wanda ya daɗe yana amfani da kwamfuta zai tuna Ask Toolbar, wannan layin da ke maƙalewa a saman birauza ya canza maka wurin bincike. Shekara da shekaru yana biyo manhajar Java, an riga an yi maka alamar amincewa a akwatin, kai dai kana ta danna "gaba, gaba" ba ka karanta ba. Sai a 2015 aka raba su. A shekarar ce kuma Windows 10 ta fito da wasan Candy Crush a cikinta, ba wanda ya tambaye ka.

Zuwa nan ana ɗaukar abin a matsayin ɓacin rai kawai. A watan Fabrairun 2015 aka gane ya wuce haka. An gano cewa kamfanin Lenovo tun 2014 yana sayar da wasu laftof da wata manhaja ta kamfanin Superfish a ciki, aikinta cusa talla a shafukan da kake dubawa. Don ta iya haka sai ta tsaya tsakaninka da duk shafin da ka shiga, har da na banki, ta buɗe saƙon da ya kamata a ce a rufe yake, ta duba, sannan ta miƙa. Mafi muni, makullin da take amfani da shi iri ɗaya ne a dukkan kwamfutocin, kuma masana tsaro ba su daɗe ba suka fasa kalmar sirrinsa. Ma'ana duk ɓarawon da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya yin shigar bankinka ba ka sani ba. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta fito ta ce a cire. A 2017 Lenovo ya yi sulhu da hukumar kare masu saye ta ƙasar, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5.

To, ganin mutane sun gaji da shara, sai kasuwar masu shara ita ma ta buɗe. Manhajojin "goge-goge" da "ƙara sauri" suka cika intanet, da yawansu su ma zaman shagon suke yi, suna tashi tare da kwamfuta suna cin RAM ɗin da suka ce za su ceto. Ko wadda ta fi suna a cikinsu, CCleaner, a 2017 ɓarayin intanet suka kutsa inda ake haɗa ta suka dasa mata cuta, kimanin mutum miliyan 2.27 suka sauke gurɓatacciyar daga hannun kamfanin da kansa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Yanzu bari in dawo gida, domin kwamfutar ɗan yayata ba daga masana'anta ta zo hannunsa ba. Yawancinmu ta hannu muke saye, wadda ta gama aiki a wani ofis a Turai ko Amurka, ta sauka Legas, ta iso kasuwanninmu. Tarkacen masana'anta an riga an goge su. Wanda ke cikinta yanzu mu muka zuba. Kuma in faɗi gaskiya, har da ni a masu laifin.

Wajen 2004 na yi aiki a wani kafe, ina kuma ɗan taɓa saka wa mutane Windows. Lokacin wayar salula ba ta fi shekara uku da zuwa Najeriya ba, intanet kuwa sai a kafe, ana biya da awa, shafi ɗaya ka yi ta jira kamar mai jiran tuwon gidan biki. Wanda ya sayi kwamfuta ba shi da hanyar sauke komai a gida. Saboda haka in ya kawo sai ya ce, "Malam, a cika min ita." Mu kuma muna da jakar faya-fayai, mu zuba masa duk abin da muke da shi, wanda zai yi amfani da shi da wanda har abada ba zai buɗe ba. Mai saye yana auna ƙwarewarka da yawan alamomin da ya gani a fuskar kwamfuta. In ka saka masa biyar kawai sai ya ce ka cuce shi, ya tafi wurin wanda zai saka hamsin. Antibairos biyu ma yana da dalilinsa a lokacin: filasha ce ke yawo da cuta daga kafe zuwa gida, mutane suna ganin gadi biyu ya fi ɗaya.

A 2004 wannan dabara ce mai ma'ana. Yau abin da kake buƙata za ka sauke shi cikin minti kaɗan ranar da buƙatar ta taso. Dalilin ya tafi, al'adar ta zauna. Har yanzu ana cika wa mutane kwamfuta, galibi da manhajojin sata waɗanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, bayan wata shida kuma a ce musu ta tsufa.

Kada mutanen Linux su ce na manta da su. A can tsarin ya bambanta tun asali. Debian da aka kafa a 1993, da Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, suna da magatakarda guda da ke riƙe da rajistar duk ƙunshin manhajar da ya shigo, da abin da kowanne ya dogara da shi. In ka cire abu, akwai umarnin da zai bi ya kwashe 'yan rakiyarsa da ba su da sauran amfani. Na tuna lokacin da suke aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kafin su daina a 2011. Ni ma na karɓi nawa. Duk tsarin, har da manhajar ofis, a faifai ɗaya mai megabayit 700. Daga ƙarshen 2012 ita ma ta fi ƙarfin faifan, har a 2018 suka ƙara zaɓin saka ta da kaya kaɗan. Dokar Wirth ba ta bar kowa ba.

Daga can ne kuma darasin taka-tsantsan ya fi fitowa. A 2021 wani shahararren mai shirin fasaha a YouTube, Linus Sebastian ɗan Kanada, yana ƙoƙarin saka manhajar wasanni a wani nau'in Linux, sai wani kuskure a tsarin ya sa kwamfutar ta gargaɗe shi cewa za ta cire muhimman abubuwa, ta ce sai ya rubuta jimla guda da hannunsa in ya amince. Bai tsaya karantawa ba ya rubuta. Fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta ɓace, ya rage baƙin allo. Garin neman gira aka rasa ido. Cirewa ma tana son ilimi.

Ina aka kwana yau? A watan Maris na 2024 dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai ta tilasta wa Microsoft barin mutanen yankin su cire birauzar Edge in sun ga dama. Abin da aka ce ba zai yiwu ba a 1998 ya yiwu, amma ga waɗanda gwamnatocinsu suka tsaya musu. Sannan ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2018. Irinsu ne suka cika hannun ɗalibanmu da ƙananan ofisoshinmu. A nan mai gyaran ya faɗi rabin gaskiya. Maganar tsaro gaskiya ce. Amma daina tallafi ba ya sa kwamfuta nauyi, kuma ba ya kashe ta. Matsala biyu ce aka haɗa wa yaro a ƙunshi ɗaya don a sayar masa da wata.

Ga abin da muka yi a daren, ko wani zai amfana. Kafin mu taɓa komai sai da ya kwafe babobinsa a filasha, ya kuma tura wa kansa ta imel. Sannan muka buɗe jerin manhajojin muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya sani kuma yake amfani da ita, ta zauna. Wadda ya sani amma tun da aka sayi kwamfutar bai buɗe ba, ta fita. Wadda ba mu gane ba, muka bincika sunanta tukuna. Ta haka muka bar direbobin sauti da na allo, da waɗannan masu suna Microsoft Visual C++ da za ka gani jere kamar an maimaita, domin wasu manhajoji a kansu suke tsaye. Antibairos biyun duka muka sallame su, tunda Windows 10 tana da nata a ciki. Masu "ƙara sauri" su muka fara kora. Daga nan muka shiga Task Manager, ɓangaren Startup, inda 'yan zaman shago suke, muka hana duk wanda ba dole ba tashi da safe. Daga 23 suka koma 5.

Muka kashe muka kunna. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu babi na uku ya buɗe. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, dama lafiyarta ƙalau?"

Ban ɓoye masa sauran ba. Na ce wannan shara ba ta mayar da tsohuwa yarinya. Rumbunta irin na da ne mai juyawa, ranar da aka samu hali a canza shi da SSD, wannan ne zai fi komai ƙara mata sauri, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba. Batun tsaro kuma Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026, muka yi masa rajista. In ya kare kundinsa lafiya za mu zauna mu saka mata Linux mara nauyi, ta ƙara wasu shekaru a hannun ƙanwarsa.

Masu gyara da ke cikin abokaina a nan, ba faɗa nake da ku ba, na faɗa muku ni ma na yi. Roƙona dai, in an kawo muku kwamfuta ku tambayi mai ita aikin da zai yi, ku saka masa wannan. Mu kuma masu saye mu daina cewa a cika mana. Wanda duk ya karanta zuwa nan, yau in ka kunna taka ka leƙa ka ƙirga abin da ke tashi tare da ita, ka ga nawa ne ka gayyato da kanka.

Bayan Isha'i sai ga kiran Yaya. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "To, nawa ne kuɗin sabuwar? Faɗa min in san abin da zan yi." Na ce, "Yaya, ki bar kuɗinki inda suke, ta tashi." Ta yi shiru, can ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya yi maka albarka."

Allah Ya ba yaranmu sa'ar karatu, Ya rufa mana asiri baki ɗaya.